Malami Kaya Ya Ƙi Gogewa

Da hantsi Malami Kaya yake ɗaure jakarsa a bayan babur, ya bi ɗakunan koyon kwamfuta yana gyara, daga Talata Mafara zuwa Bakura, wani lokaci har Maradun. Furfura ta same shi a kan wannan hanya.

Kwamfutocin nan shimfiɗa biyu gare su. Ta ƙasa a kulle take, ita ke riƙe da tsarin na'urar. Ta sama ita ke karɓar duk abin da mutane suka rubuta. Idan an kunna, sai a ɗora wannan kan waccan su zama ɗaya. Ran da suka ƙi haɗuwa, na'ura takan tsaya cak a baƙin allo, ta bar maka 'yan umarni ƙalilan.

Haka aka yi a Bakura da rani. An janye janareta zuwa ban ruwan albasa ba a kashe kwamfutar ba. A shimfiɗar sama kuwa akwai aikin kammala karatun Lantana, malamar firamare, wanda za ta miƙa a makon.

Mai wurin ya ce, "Malami, goge ta ka sake zuba mata tsari, mu huta."

"Alhaji, in na goge, kai za ka rubuta mata wani?"

"Ni da ko sunana sai an kama mini hannu?"

Aka yi dariya, ban da Lantana.

Malami ya buɗe shimfiɗar ƙasa da hannu, lafiya lau. Ta sama ta ƙi, don wuta ta yanke mata tana tsakiyar rubutu. Abin gyaran ma babu shi cikin umarnin da ke gabansa, sai da ya tono shi daga ta ƙasa. Ya fara kwafe komai gefe, sannan ya gyara ta sama, ya haɗa ta da ta ƙasa. Bayan la'asar allo ya yi haske.

"Malama, taho ki duba."

Ta karanta har shafin ƙarshe, ta rufe fuska da mayafi.

Malami, kai ne mai gyaran da ke ganin mutum a bayan na'ura. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri.

Ku kuma masu gyara da ke goge wayoyin jama'a ku ce ƙaddara ce, zan faɗa muku gaskiya: lalaci ne. Ku koyi zama irin nasa. Lantana ta miƙa aikinta a kan lokaci.