Kunu Mai Ƙaurin Hayaƙi

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciya, har da fuskokin wasu malamaina, amma dogon hutun da na yi a gidan kakata a shekarar fari, farkon shekarun tamanin, yana nan daram a raina, kuma ban ga ranar da zai gushe ba. Abin da na fara gani da na shiga gidan shi ne jinkar rumbu a ƙasa, an jingine ta da katanga, kaji na ƙasanta suna shan inuwa. A iya sanina ba a sauke ta sai za a ɗebi hatsi, a kuma mayar nan take. Na dubi rumbun da bakinsa a buɗe, na gaida mutanen gida, ban tambayi kowa komai ba. Haka nake a lokacin. Ina ajin ƙarshe a firamare a Kano, ko malami ne ya kira sunana sai muryata ta maƙale.

Ƙauyen yana tsakanin Kwanar Ɗangora da Ƙiru. A gidan akwai kakata, wadda muke kira Iya, da baffana ƙanen mahaifina, da matarsa, da yaransu ƙanana. Tun a hanya na lura gonaki ba su rufe ba. A lokacin da ya kamata dawa ta kai gwiwa, ƙasa ce ja, da ɗan tsiro nan da can ya nannaɗe ganye. Daga hirar manya na tsinci labarin. An yi ruwan farko mai ƙarfi, kowa ya fita da sungumi, sai sama ta ɗauke, shuka ta ƙone. Aka sake samun yayyafi, aka sake shuka, ita ma ta bi ta farko. Abin da ya rage wa gidanmu na iri shi ne kaso na ƙarshe.

Irin yana rataye a ɗakin girki. Kowace kaka Iya ke zaɓar zangarniyoyin dawa mafiya cika, a ɗaure su, a rataye a rufi daidai saman murhu, hayaƙi ya hana ƙwari shiga. Wata farar dawa ce da gidan ya gada tun daga mahaifin kakana, ba ta cika yawa a kasuwa ba. Iya tana da doka a kanta. Ko jikan da ta fi so ne ya miƙa kara zai taɓa, sai ya sha rankwashi. Takan ce gidan da ya ci irinsa ya gama zama gida, sauran kwana kawai yake jira. Na sha jin tana ba da labarin wasu mutane da suka yi haka a wata tsohuwar yunwa, tana faɗa tana taɓe baki.

Abinci ya koma sau ɗaya, da yamma, daga garin rogon da baffa ke samowa. Amma mu yara kullum da hantsi, bayan baffa ya fita duba gona, matarsa ta tafi rijiya mai nisa don ta kusa ta ƙafe, Iya na ba mu kunu. Ba shi da kauri, ba shi da yawa. Takan miƙo min ludayi ta ce, “Karɓi, 'yar boko. Ubanki ya aiko ki mu yi kiwonki, kada ki koma a ce mun rage ki.” Kunun yana da ƙaurin hayaƙi. Na ɗauka tukunyar ce. Daga baya na lura ban taɓa jin sautin turmi kafin a dama shi ba, sai gurzar dutsen niƙa a hankali daga ɗakin girki. Na kuma lura tafin hannun Iya kan yi baƙi, irin baƙin kunkunniya, ta goge a gefen zane. Duk na ga waɗannan, ban haɗa su wuri ɗaya ba. Ko kuma na haɗa, cikina ya ce in bar zancen. Har yau ban tabbatar ba.

Akwai wata Bafulatana aminiyar Iya da rugarsu ke bayan gari, muna ce mata Gwaggo. Su ma suna noma a gefen kiwonsu. A da takan kawo nono ta karɓi hatsi, ba a maganar kuɗi. A wannan shekarar shanunsu sun rame, wasu sun mutu, nono ya ɗauke, amma ba ta fasa zuwa ba. Takan sauke ƙwaryarta wayam a gindin turmi, su zauna. Iya ta tsokane ta cewa ta zo tallan iska, ita kuma ta ce ai ta ga masu rumbun iska ne, ta san za a yi ciniki. A irin wannan hirar ce na ji Gwaggo na cewa farar dawar da Iya ta ɗibar mata wata shekara ta fi kowace daɗin fura, har mijinta ya ware mata gefen gona.

Ruwa na uku ya sauko da asuba, mai yawa, har tsakar gida ya kwanta. Gari na wayewa baffa ya shigo da fara'ar da ban taɓa gani a fuskarsa ba tun zuwana. Ya ce lokaci ya ƙure amma dawar za ta iya kaiwa idan Allah ya ja damina. Ya kifa turmi a ɗakin girki, ya hau, ya kwance igiyar. Ina tsaye a bakin ƙofa. Na ga yadda hannunsa ya yi sama da damin, kamar wanda ya shirya ɗaukar tulu cike ya tarar babu ruwa. Ya fito da shi haske ya warware. Zangarniyoyin waje lafiyarsu ƙalau. Na ciki kuwa an murje su tas, an mayar an ɗaure.

Ya juya ya dubi matarsa. Ita ce mai girki, ita ce kuma ba 'yar gidan ba, don haka ido ya fara sauka a kanta. Ta buɗe baki za ta yi rantsuwa, sai Iya ta yi magana daga kan tabarmarta, ba ta ko ɗago ba.

“Bar yarinyar mutane. Ni ce.”

Baffa ya juya wajenta. Da ya yi magana muryarsa a ƙasa take. “Iya, me zan shuka?”

“Ban sani ba,” in ji ta. “Na dubi irin da ke sama, na dubi wanda ke yawo a tsakar gida, na zaɓi ɗaya.”

Baffa ya durƙusa gaban damin. Ya tattara 'yar ƙwayar da ta rage, ba ta kai ta rufe ko kusurwar gona ba. Ranar kasuwa ya kora ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu. Kowa na sayar da dabba a lokacin, ba mai saye, hatsi kuwa ya yi tashin da ba a taɓa gani ba. Ya dawo da irin kasuwa, gauraye, wanda ba a san asalinsa ba, da ɗan abin da za a ci. Sa ɗaya ba ya jan garma, don haka gonar da ake huɗewa gaba ɗaya ta koma rabi. 'Yar farar dawar da ya shuka ba ta kai ga nuna ba, ruwa ya janye da wuri. Da rani ya tafi aikin lebura a Kano, yana kwana a zaurenmu wata da watanni. Mahaifina, da ya saba karɓar buhu daga gida, ya koma shi ke aikawa, a albashin da bai ƙaru ba. Ni kuma aka fasa kai ni makarantar kwana, na yi ta jeka-ka-dawo. Ruwan da bai sauka a ƙauye ba ya biyo mu har cikin birni.

Yanzu ina jin masana a rediyo suna lissafa asarar da sauyin yanayi ke jawo wa ƙasashen duniya, da alƙaluman da ba na iya riƙewa. Ba na musu da su. Abin da wannan hutu ya koya min shi ne asarar ba ta tsayawa a amfanin shekarar da aka yi fari. Gida kan ci irin baɗi, ya sayar da abin da zai yi noman baɗi da shi, ya taɓa karatun yaro, sai shekara ɗaya mara ruwa ta zama shekaru ana biyanta. Kuma wanda ya ci irinsa ba lallai ne sakarai ba. Iya ta daina ba da labarin mutanen tsohuwar yunwa tun daga ranar.

Saura abu ɗaya. Ranar da zan koma Kano, Gwaggo ta raka mu bakin hanya, ƙwaryarta a ka. Iya ta tsaya gaisawa da wata mata, muka ɗan yi gaba mu biyu. Tun zuwana ban taɓa ce mata komai ba bayan gaisuwa. Na kama gefen zanenta, ta sunkuyo don ba ta ji abin da na fara faɗa ba. Na maimaita.

“Gwaggo, farar dawar nan da Iya ta taɓa ba ki. Idan taku ta yi bana, don Allah ki ajiye mata zangarniya ɗaya. Kada ki ce ni na roƙa.”