Muryar Yaya a Wayar Inna

Inna ba ta taɓa kiran sunan yayana ba. Ɗan fari ne, kuma a gidanmu na Bagudo kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. In ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta amsa tana kallon tukunya. In tana son ya ci abinci, ni za ta miƙa wa kwano ta ce, "Kai wa wancan." Ya girma, ya yi gemu, ya kama fataucin albasa yana tsallakawa da ita Benin a kwalekwale, amma ban taɓa ganin sun zauna hira ba.

Shi ya saya mata babbar waya mai shafawa. Inna ba ta iya boko ba, amsa kira kawai take yi da ita. Ni kuwa, da nake karatun kwamfuta a lokacin, 'yar ƙarama mai maɓallai ce a hannuna, kuma abin ya ci min rai ƙwarai.

Wata rana gilashin wayar Yaya ya fashe, ya bar ta wajen mai gyara a kasuwar Lolo, ya dawo ya ari ta Inna don ya yi magana da abokan cinikinsa. Ya buɗe shafinsa na zumunta ta burauza, wato manhajar shiga intanet, ya sa lambarsa ta Benin da kalmar sirri, ya shiga. Da ya fita ya dawo, shafin ya sake tambayarsa. Ya sake sawa, ya sake tambaya. Yaya ba ya da haƙurin irin wannan.

"Ke, zo ki duba wagga waya kafin in jefa ta rijiya!"

Na duba na ga kukis ɗin a kashe suke. Na gaya masa wata 'yar alama ce da shafi yake bari a cikin waya, don in ka dawo ya gane kai ne, ba sai ya sake tambayarka ba. In an hana shi barin alamar, kullum baƙo kake a wurinsa. Na danna ɗigo ukun nan na sama, na shiga saitin, na nemo wurin kukis na ba su izini.

Ya ce, "To, kamar masu tsaron mashigi ke nan. In sun san fuskarka, ba su neman takarda." Ya dungure min kai, ya ci gaba da surutunsa. Da aka gyara tasa ya mayar wa Inna wayarta, bai fita daga shafin ba.

Da damina, ruwa ya cika, kwalekwalen da ya ɗauko su ya kife a tsakiyar kogi. An sami wasu, shi ba a same shi ba. Wayarsa da layinsa na Benin suna aljihunsa. Babu gawa, babu kabari. An yi zaman makoki, mutane suka cika gida, Inna na zaune tana amsa gaisuwa idonta a bushe, don ko kukan ɗan fari ba a yi a gaban jama'a.

Bayan an watse ne na ɗauki wayarta zan duba wani abu, na taɓa burauza, sai ga shafin Yaya a buɗe. Saƙonnin muryar da ya tura wa mutane suna nan jere. Na danna ɗaya. Muryarsa ta cika ɗakin, yana ciniki da harshen Dandanci, yana rantsuwa albasarsa ba ta da ruɓa ko ɗaya, yana dariyar nan tasa mai kama da tari. Inna tana ninke zane. Zanen ya faɗi.

"Sake," ta ce.

Daga ranar, in ta gama aikin hantsi sai ta shiga ɗaki ta ja labule. Na koya mata inda za ta taɓa, ta haddace da ido. Matar da ba ta taɓa sauraron ɗanta ya kai ƙarshen zance ba, ga ta tana jin sa yana zagin direbobi, yana tsokanar abokai. Akwai wani saƙo da yake ce wa abokinsa ba zai tsaya kwana ba, ya sayi kifi zai kai wa tsohuwarsa, don ya san tana so ko da ba za ta faɗa ba. Wannan kam ta ji shi har na gaji da ji. Wani lokaci har amsa masa take yi ƙasa-ƙasa.

Ni tsoro ne ya kama ni. Na san 'yar alamar nan kaɗai ke riƙe da ƙofar. Ba wanda ya san kalmar sirrinsa, layin da za a turo wata yana ƙarƙashin ruwa. Na gwada sauke muryoyin, burauzar ta ƙi. Na shirya da wata ƙawata za ta zo da babbar wayarta ranar kasuwa mu naɗe su ɗaya bayan ɗaya. Kafin nan na tara mutanen gida a tsakar gida na yi musu kashedi. Na ce kada wanda ya kai wayar nan wajen masu caji su ce za su wanke ta. Na nuna musu wurin da ake share kukis, na ce wanda ya taɓa nan ya rufe ƙofar har abada.

Baffa yana zaune a kan tabarma yana jin mu. Ƙanen mahaifinmu ne, kuma tun rasuwar Baba shi ke riƙe da gidan. Mutum ne da in ya ce a bari aka ƙi bari, abin ba ya fita ransa sai ya rama. Ya sha gaya wa Inna ta daina. A cewarsa, mata suna zancenta a gidajen suna, wai tana hira da mamaci, kuma mamacin ma ɗan fari, babu kunya babu tawakkali. Inna takan sunkuyar da kai ta ce to, washegari ta ja labulenta. Wallahi ba tawakkali ne ya dame shi ba. Wannan "to" ɗin da ba a bi da aiki ba, shi ke cin sa.

Ana gobe kasuwa ya yi sallama a ƙofar ɗakinta da hantsi, fuska a sake. Ina bakin murhu ina jin su.

"Innar yara, ni ma dai ɗana ne. A ba ni in ji muryatai."

Inna ta ji daɗi ƙwarai. Ta shimfiɗa masa buzu, ta nemo masa saƙon kifin da kanta. Na ji muryar Yaya ta tashi, na ji Baffa ya yi 'yar dariya ya ce, "Allah sarki, ɗan banza, bakinai bai mutuwa." Inna ta fito ta ɗebo masa ruwa. Na ce a raina ashe mutumin nan yana da zuciya.

Da ya fito sai ya yafuto ni zuwa zaure. Yana gyara hularsa ya ce, "Wurin nan da kika nuna, na taɓa shi. Na share duka. Yanzu sai ta yi haƙuri kamar kowa."

Ban san lokacin da na ɗaga masa murya ba. Na ce, "Baffa, me ta yi maka? Me ya rage mata da ka ga ya yi yawa?" Ya dube ni sama da ƙasa ya ce in ya sake jin bakina, karatun nawa ya ƙare. Ya sa takalmansa ya fita, har yana amsa gaisuwar maƙwabta. Na tsane shi a ranar, kuma ban daina ba.

Na tarar da Inna tana shafa wayar. Shafin ya koma fari, ga akwatuna biyu, na lamba da na kalmar sirri. Ta miƙo min.

"Ya ɓace. Nemo min shi."

Na zauna a ƙasa na shiga saitin, duk da na san aikin banza nake yi. Kukis a kunne suke, shafin a shirye yake ya tuna duk wanda ya shiga, sai dai babu mai shiga. Na gwada sunan Baba, na gwada sunan garinmu, na gwada lambar tsohon babur ɗinsa. Inna tana tsugune a gabana, idonta a kan yatsuna. Daga ƙarshe na ce mata ba zai dawo ba.

 Ta karɓi wayar ta goge gilashin da gefen zanenta, ta sa a ƙarƙashin matashi. Na buɗe baki zan gaya mata wanda ya yi, sai ta riga ni.

"Kada ki gaya wa Baffanku a hannunai ta lalace. Zai ji ba daɗi. Yau fa ya fara saukowa."

Da yamma ta tuƙa tuwo, ta zuba nasa a kwanon baƙi, ta tsamo tsoka mafi girma ta ɗora a kai. Ta ce in kai masa, in ce tana godiya da ya zo ya ji yaron.