Teburin Malam da Ɗorawar Kan Iyaka

Ku matso kusa, ku ajiye surutu, ku ara mani kunnuwanku. Ga ta nan, amma ba tatsuniya ba ce, ta kakanku ce. Da idona na gan ta, ko da yake har yau ban gama gane ta ba.

Duk wanda ya san Malam, mijina, ya san ba ya fara magana mai nauyi sai ya goga alli a bakin sandarsa, ya hura, ya kanne ido ɗaya. In ka matsa mashi sai ya ce, "A bari ƙwallo ya tsaya tukuna." Ko tuwo na tambaye shi, na dawa ko na masara, sai ƙwallo ya tsaya. Allin kuwa nawa ne, na kaɗi. Ina saye yana ɗauka, har Allah ya karɓi abinsa.

Ku fara sanin abin da ke ƙasa. A ƙauyenmu, gefen Daudawa, akwai wata ɗorawa a kan iyakar gonarmu da ta Baba Tanko, maƙwabcinmu. Da kalwarta nake daddawa, da daddawar nake yi wa iyayenku sutura. Ladi matar Baba Tanko ita ma da ita ta dogara. Malam ya ce tasa ce, Baba Tanko ya ce tasa ce. Rantsuwa ta kasa raba su, don Malam da Alƙur'ani yake rantsuwa, Baba Tanko kuwa yana kan addinin kakanninsa, da gatarin aradu yake tasa, kuma ba mai yarda da ta wani. Ni da Ladi ko gaisuwa mun daina.

To, shekarun nan da kuɗin mai suka shigo ƙasa, kowa na sayen agogo da keke, Malam ya sayar da audugarsa ya tafi Funtuwa sayen rediyo. Kwana uku shiru. Ashe silima ya shiga, har sau biyu! Ya dawo ba rediyo, sai wani koren bargo a kafaɗa.

Na ce, "Malam, ina rediyon?"

"Ke, bar zancen rediyo. Na gano sirrin Turawa."

"Wane sirri?"

"Ba su da alƙali. Tebur gare su, kore, mai aljihu shida, fitila ta sunkuyo a kansa, ɗakin cike da hayaƙin taba. Manyan mutane, kowa da kwat da doguwar sanda. Ba mai zama, ba mai dariya. Mutum ya yi ta zagaya teburin kamar kaza za ta yi ƙwai, ya goga alli, ya duƙa, ya tsokani ƙwallo, ƙwas! Sannan ya faɗi magana ɗaya tak. Sai ki ga ɗayan ya miƙa makullin mota ya fita kai a sunkuye."

"Ba wasa ba ne kuwa, Malam?"

"Wasa? Kin taɓa ganin ana wasa fuska a murtuke? Shari'a ce! Wanda bai yarda da hukunci ba sai ya karya sanda a gadon bayan abokin shari'arsa. Wannan shi ne ɗaukaka ƙara."

"Da wane yare suke yi?"

"Turanci mana."

"Kana ji?"

"Ido gare ni."

Nan take na san inda zancen zai ƙare.

Ya je har Ƙanƙara wurin kafinta. Da ya ji kuɗin aiki sai ya dawo ya cire ƙyauren zaurenmu, ya ɗora shi kan turame huɗu, biyu nawa, biyu na aro, ba wanda ya yi daidai da wani a tsawo. Ya shimfiɗa bargon. Ya ɗaure tsofaffin huluna shida a gefe, su ne aljihu. Ya tara ƙwallayen goruba, ya shafa wa ɗaya baƙin tukunya. Ya rataya fitilar ƙwai a sama, amma ya hana a kunna.

Na ce, "Ba ka ce tasu na ci ba?"

"Su mai ya isa gidajensu. Mu labarinsa kawai muka ji. Ratayewa ta wadatar."

Sai ya dube ni ya ce, "Saura ke. Kullum akwai wata mace tsaye bakin ƙofa, hannu a ƙugu. Je ki tsaya, ki yi kamar ranki ya ɓaci."

Na ce, "Ai ya ɓaci."

Ya ce, "Madalla, kin fi ta iyawa."

Tun daga ranar zaurenmu ba ƙyaure, awaki na shiga da fita kamar kasuwa, ni kuma ina daka a gidan maƙwabta.

Ranar Laraba da hantsi ya aika aka kira Baba Tanko. Ɗorawa ta nuna, bazara ta yi zafi, mutane sun cika ƙofar gida.

Malam ya ce, "Tanko, ba ka yarda da rantsuwata, ba na yarda da taka. To ga shari'ar da ba taka ba, ba tawa ba. Wanda ya ci, ɗorawa tasa."

Baba Tanko ya zagaya teburin, ya leƙa cikin hula, ya ce, "Wa ke zaune ciki?"

"Ba kowa."

"To wa ke yanke hukuncin?"

"Ƙwallo."

"Mi ake yanka mashi?"

"Ba a yanka komai, sai alli."

Baba Tanko ya ce, "Abin nan da arha. Na yarda."

Ina tsaye bakin ƙofa, hannu a ƙugu. Daddawar shekara guda ce a kan ƙyauren nan, da ta shekarun da ke zuwa. Ladi na can gefe tana cizon bakin zane.

Malam ya fara. Ya goga alli, ya hura, ya kanne ido, ya zagaya sau uku, ya duƙa. Sanda ta wuce ta gefen ƙwallon ta soki bargo. Ya miƙe ya ce, "Haka gwanaye ke yi da farko, don a raina su."

Baba Tanko bai zagaya ba. Ya riƙe gorarsa kamar mai sukar kifi, ya kai duka. Kun san ƙwallon goruba ba ya bin hanya. Ya yi gabas, ya yi kudu, ya ture baƙin, baƙin ya gangara ta wajen gajeren turmi, ya faɗa cikin hula. Tsulum!

Kowa ya dubi Malam.

Baba Tanko ya ce, "Na ci?"

Malam ya goga alli. Ya sake gogawa.

"Malam, na ci ko na faɗi?"

"To, ga yadda abin yake. A silima ta farko, wanda ya jefa baƙin an rungume shi ana ihu. A ta biyu, wanda ya jefa baƙin ya dafe kai, aka jefo mashi kwat ɗinsa waje."

"To ni wanne ne?"

"A bari ƙwallo ya tsaya tukuna."

"Ya tsaya! Ga shi can cikin hularka!"

Wani daga baya ya ce a ɗaukaka ƙara. Baba Tanko ya ɗaga gora, na yi salati, aka riƙe shi.

Washegari suka hau mota tare, mutanen da ba su ga-maciji, suka tafi Funtuwa don su sake duba hukuncin. Suka ishe an sauya silima, an sa ta Indiya. Da suka dawo na ce, "Mi kuka gano?"

Baba Tanko ya ce, "Ba tebur. Wata mace da wani namiji ne ke ta zagaya itace suna kuka da waƙa."

Malam ya ce, "Su ma tasu rigimar iyakar ba ta ƙare ba."

Ɗorawa dai ba ta jiran Turawa. Da na ga tana zuba, sai na ɗauki ƙugiyata, na ishe Ladi a gindinta da tata. Muka dubi juna. Ta ce, "Yaya, kafin su gano, mu raba biyu?" Na ce, "Kafin su gano." Haka muka yi shekara da shekaru, su kuma kullum bayan la'asar suna zaure, kan teburin nan, suna gardamar baƙin ƙwallo.

Sai a ciwonsa na ƙarshe Malam ya kira ni. Ya ce in miƙo alli. Ya goga a ɗan yatsa, don hannun ba ya iya ɗaga sanda.

"Tun shekarar nan na tambayi wani tsohon soja a Mairuwa, wanda ya yi abin a bariki. Ya ce wanda ya jefa baƙi tun da fari shi ya faɗi."

"To kai ka ci?"

"Ni na ci."

"Malam! Shekara nawa ina raba kalwata biyu?"

"In na faɗa, Ladi ta rasa miya, ni in rasa abokin gardama. Ke kuma ki koma tsinka ke kaɗai." Ya kanne ido. "Kuma sojan ya ce wasa ne. Wannan kam ban yarda ba."

Ni dai har yau ban san ko shari'a aka yi ko wasa ba.

Da Malam ya rasu, Baba Tanko ya biyo gawar har bakin kabari, ya tsaya nesa kaɗan yana share ido da hula. Bayan shekara biyu shi ma ya tafi. Ladi ta koma Sabuwa wurin ɗiyarta, kuma duk bazara ina aika mata rabinta, ban taɓa faɗa mata komai ba, ku ma kada in ji. Ƙyauren ya koma bakin zaure, bargon shi ne wanda kuke zaune a kai. Baƙin ƙwallon yana cikin kwandon kaɗina, tare da guntun allin da Malam ya bari.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa da fitilar da ba ta neman kananzir. Allah ya sa nasa ƙwallon ya tsaya a wuri mai kyau. Amin.