Shekarun da Jumare Ya Yanke

Duk wanda ya yi aikin ɗaukar kaya a filin jirgin sama na Madina a shekarun casa'in ya san Baba Jumare. In bai san sunansa ba, to ya san tarinsa, don tun daga ƙofar shiga ake jin sa. Dogo ne baƙi, mutumin Tasawa, ba ya magana sai ta kama, in kuma ta kama ba ya sakinta. Ni Sabiru shekara goma sha ɗaya muka yi da shi a wuri ɗaya, yana kama akwatin alhazai ta kai ina kamawa ta ƙafa. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, da idona na gani, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Aikin hajji ya kawo shi, wajen ƙarshen shekarun saba'in, ya ga Madina ya ce shi fa ya iso. Matarsa ta riga ta rasu a gida, 'yarsa guda, Zenabu, tana ɗakin mijinta. Ya yi shekara bakwai a gonakin dabino na Khaibar, yana hawa yana sauka, har tafin ƙafarsa ya koma kamar fatar ganga. A 1986 ya ji wata sharika, wani kamfani ke nan, na neman masu ɗaukar kaya a filin jirgi, da iƙama, wato takardar izinin zama, da komai, amma ba sa ɗaukar wanda ya kai arba'in. Shi kuwa a lokacin hamsin yake cif, in lissafin mahaifiyarsa daidai ne, don ita ta ce masa shekarar da fara ta cinye gonaki aka haife shi. Takardar haihuwa? Ina! Wa ya san ta a ƙauyensu? Da ya je sabunta fasfo aka tambaye shi shekarunsa, ya dubi ƙasa ya ce talatin da takwas.

Yanka muke ce wa wannan. Wane ya yanki biyar, wane ya yanki takwas. A cikinmu kusan kowa shekarunsa iri biyu ne, akwai na Allah akwai na takarda, kuma ba wanda ke jin ya yi laifi, abin dariya ne ma a wurin shan shayi. Baba Jumare goma sha biyu ya yanka, shi ya fi kowa zurfin wuƙa. In muna so mu tsokane shi sai mu ce, “Saurayi, yaushe za a kai kayan lefe?” Ya yi mana daƙuwa ya ci gaba da aikinsa.

Buri ɗaya gare shi a duniya, kuma bai taɓa ɓoye shi ba: ya tsufa a Madina, ya mutu a Madina, a rufe shi a Baƙi'a. Ba ya tara kuɗi don gini a Tasawa kamar sauran mutane, ba ya sayen shanu. Duk Juma'a in an sallame sai ya tsaya jikin katangar maƙabartar ya yi ta kallo, ni kuma ina gefe yunwa na cina ina jan rigarsa. Matsalar ita ce baƙo ba ya mallakar gida a Madina, kuma ranar da aikinka ya ƙare iƙamarka ta ƙare, sai huruju, wato a buga maka fita ba dawowa.

Ana nan sai ga labarin rubaɗin Shehu Hamid, wato gidan zama na sadaka. Shehu Hamid ɗan ƙasa ne, amma kakansa daga Kano ya tako da ƙafa, kuma Hausarsa ta fi tawa tsafta. Attajiri ne mai tausayin tsofaffi. Ya ware fili a wajen Uhudu ya yi waƙafinsa, za a gina ɗakuna ashirin da huɗu na tsofaffin da ba su da kowa a nan. Wanda ya ba da gudummawar gini ana rubuta masa ɗaki, ya zauna har ransa ya fita, kuma waƙafin ya zame masa kafili, wato mai tsaya masa a kan iƙama. Sharaɗi guda aka sa a rubuce: ba mai shiga sai wanda ya cika shekara sittin.

A 1996 Baba Jumare ya kwashe duk abin da ya mallaka ya kai. Na raka shi. Na ce masa, “Baba, ka gane fa, ba saya ka yi ba, izinin zama ne.” Ya harare ni ya ce, “Kai dai baƙin ciki kake. Na sayi gida a Madina, je ka faɗa wa wanda ka ga dama.” Aka rubuta masa ɗaki na tara. Bayan shekara biyu gini ya kammala, Shehu Hamid da kansa ya riƙe hannunsa ya nuna masa ɗakin.

“Malam Jumare,” in ji Shehu, “ai kai furfurarka ta isa shaida. Ranar da ka ga dama ka kwaso tabarmarka.”

“Allah ya ƙara girma, Shehu. Bari in ƙara jan shekara biyu ko uku. Da sauran ƙarfina ba zan zauna ana kawo mini tuwo kamar mai jego ba.”

Wallahi a ranar sai da na yi kamar in rufe shi da duka. A hanya na yi ta masifa, na ce ga ɗaki ga mai ɗaki yana cewa shigo, me kake jira? Ya yi kunnen uwar shegu da ni. Shi a ganinsa ɗaki na nan, ba inda za shi. Duk Alhamis sai ya hau mota ya tafi Uhudu, ya karɓi makulli, ya share ɗakin da ba kowa a ciki, ya buɗe taga ya ɗan zauna yana kallon dutsen. Ya sayi fanka da buta da katifa 'yar ƙarama ya ajiye. Shekara biyu ta zama uku, uku ta zama biyar.

A 2001 Shehu Hamid ya rasu, ɗansa Fahad ya zama mai kula da waƙafin. Ba zan ce Fahad mugu ne ba, kada in ɗauki alhakinsa. Mutum ne mai ladabi, ya yi karatu, yana jin Hausa tsaf amma da Larabci yake amsawa. Abin da kawai ya sani shi ne takarda. In takarda ta ce rana dare ce, to sai ya kunna fitila.

Lokacin hajjin 2003 abin ya faru. Alhazai na komawa, kaya sun yi tsini, Baba Jumare ya sunkuya ya ɗaga wani akwati da aka cusa wa jarkokin zamzam, sai na ji ya ce “wash!” ya durƙusa. Bai sake miƙewa sosai ba. Likita ya ce ƙashin baya ne, ba shi ba ɗaukar nauyi har abada. Sharika ta yi masa abin da take wa kowa, ta ba shi wata biyu ya nemi wani kafili ko ya karɓi huruju. Ya yi murmushi ma da aka faɗa masa, ya ce mini, “Ka gani? Lokacin shiga gidana ne ya yi.”

Muka ɗauki tasi zuwa Uhudu, yana riƙe da kafaɗata. Fahad ya tashi ya sumbaci goshinsa, ya sa aka kawo gahawa da dabino, sannan ya ce a ba shi iƙama. Ya duba, ya sake dubawa, ya buɗe wani babban fayil.

“Ya ammi,” ya ce da Larabci, wato baffana, “a nan shekarunka hamsin da biyar ne. Saura biyar.”

Baba Jumare ya yi dariya. “Ɗana, waɗannan na takarda ne. Na Allah sittin da bakwai ne. Babanka ya sani, shi ya ce in zo ranar da na ga dama.”

“Allah ya jiƙansa. Ya rubuta?”

Bai rubuta ba. Wa zai ce wa Shehu Hamid ya rubuta? Fahad ya yi mana bayani a hankali, ya ce sharaɗin mai waƙafi an yi masa rajista, kuma a ciki an ce sittin bisa iƙama, shi ba shi da ikon ƙara ko rage wasali ɗaya. In ya shigar da mai hamsin da biyar, ba za a yarda a mayar da kafalarsa kan waƙafin ba.

Nan fa raina ya ɓaci. Na ce, “Haba Fahad! Dubi mutumin nan da idonka. Wannan ne ɗan hamsin da biyar? Ka ƙirga haƙoransa mana!” Ya sunkuyar da kai ya ce, “Wallahi na gani, amma nizami ne, doka ce.” Baba Jumare kuwa ya shiga lanƙwasa yatsu yana lissafi, sai can ya ɗago da fara'a ya ce, to a lissafa masa da shekarar Hijira mana, ai ta fi sauri, zai samu ƙarin kusan biyu. Fahad ya ce da ita aka lissafa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta faɗi haka ba.

Fahad ya ce in yana so a mayar masa da gudummawarsa. Baba Jumare ya tambaya, in ya karɓa sunansa na nan a ɗakin? Aka ce a'a, za a soke. Ya ce to a bar ta.

Washegari na je wurin wani mai bin takardu da na sani, na ce a gyara shekarun, a mayar da goma sha biyun nan inda aka yanke su. Ya dube ni kamar na zare. Ya ce, “Kana so ya je da bakinsa ya ce shekara goma sha bakwai yana yawo da takardar ƙarya? Gidan yari za a fara kai shi, sannan jirgi.” Muka nemi wani kafili, daga masu shaguna a Uhudu har tsohon maigidansa na Khaibar. Kowa ya ga yadda yake tafiya a duƙe sai ya ce Allah ya kawo sauƙi. Wata biyu suka cika.

Sai ya yanke shawarar da ni ma na goyi baya, ya ƙi zuwa karɓar tikiti ya ɓuya a gidana. Lissafinsa mai sauƙi ne: tunda an hana shi tsufa a Madina, to ba a hana shi mutuwa a cikinta ba. Ya kwanta a ɗan ɗakin da muke ajiye kaya yana jiran Mala'ika. Matata Lauratu ta riƙe shi kamar ubanta. Amma mutuwar ta ƙi zuwa. Wata bakwai! In Lauratu ta kai masa kunu ya shanye sai ya ce, “Kin gani, 'yata, kina ɓata mini shiri.” Mu yi dariya.

A wata na bakwai aka soma kamen marasa iƙama a unguwarmu. Aka tafi da maƙwabcinmu da iyalinsa duka saboda ya ɓoye ɗan'uwansa. Ni ina da 'ya'ya mata huɗu a makaranta. Ban ce masa komai ba, Allah shaida ne, amma fuskata ta faɗa, kuma wannan kunyar da ita zan mutu. Wata safiya na dawo daga sayen burodi na tarar ya ɗaure kayansa a zani ɗaya, ya sa farar jallabiyarsa.

“Baba, ina za ka?”

“Raka ni in miƙa kaina, Sabiru. Ba zan shiga Baƙi'a da alhakin 'ya'yanka a wuyana ba.”

Na yi gardama, amma gardamar ba ta da ƙarfi, kuma ya ji hakan. Da muka biyo ta Harami ya roƙi mai tasi ya rage gudu. Bai sauka ba, ya dai yi sallama ga Manzon Allah daga cikin mota. Bayan sati uku aka tafi da shi. Abin da ya ce mini na ƙarshe shi ne, “Shekara huɗu ce da 'yan watanni. Ka riƙa leƙa mini ɗakin.”

Na leƙa sau biyu. An cika shi da katifun waƙafi har rufi, an ce kafin mai shi ya isa. Ban sake komawa ba.

A Tasawa ya zama baƙo. Abokansa sun mutu, ƙauyen ya sauya, jikokinsa suna yi masa dariya in Larabci ya kuɓuce masa. Zenabu ta ce kullum tambayarsa ɗaya, yau nawa ga wata. Da damina ta 2006 ta bugo mini waya daga shagon wani ɗan kasuwa, ta ce Baba ya cika, an rufe shi a bayan gari kusa da gonar gero. Na zauna a kan keken tura kaya na yi kuka kamar mace, ban damu da wanda ke kallona ba.

Ban sanar da rubaɗi ba. Haushi ya hana ni.

Bayan kusan shekara biyu, ina wurin aiki da hantsi, wayata ta yi ƙara. Fahad ne, muryarsa cike da murna. Ya ce ya daɗe yana lissafin ranar nan, yau Ammu Jumare ya cika sharaɗi. An kwashe katifu, an yi wa ɗaki fenti, kuma shi da kansa zai nema masa bizar dawowa. In gaya masa ya aiko da fasfo da hoto biyu.

Na ce, “Fahad, Baba Jumare ya rasu tun bara waccan.”

Ya yi salati, ya yi masa addu'a mai tsawo, kuma na san har zuciyarsa yake yi. Ina jin ƙarar takarda yana buɗawa. Sannan, karo na farko tun da na san shi, ya yi mini magana da Hausa.

“Miskini,” ya ce. “Ashe ko sittin bai kai ba.”