Gangar da ba ta ta da Baba ba

Guduma muke ce masa, don aikinsa miƙe jikin motar da ta lotse. Shekara ashirin rumfata ta facin taya tana jikin garejinsa. Sati uku ke nan da muka binne shi, har yanzu in na ji ana bugun ƙarfe sai na waiwaya.

Ranar Lahadi shi ke kaɗa ganguna a cocinmu, da hannun da yake dukan mota. Da matasa suka kawo kiɗan rok mai sanyi, irin na jita a hankali da lumshe ido, dattawa suka yarda, amma suka ce Guduma ya yi yawa. Aka cusa filo a babbar gangar. Aka lulluɓe ƙaramar da tawul. Aka karɓe sandunansa aka ba shi wasu kamar tsintsiya.

"Ɗan'uwa, shara zan yi ko yabo?" ya tambayi mai jita.

"Ka buga kamar kana shafa kan jariri."

"Nawa jariran da dundu suke barci."

Duk da haka dattawa suka ce fiyano na da maɓallin da ke kiɗan ganga da kansa, kuma ba ya gumi. Suka ba Guduma Lahadi huɗu na gwaji. Ma'auninsu Baba mai karatun Littafi Mai Tsarki, wanda ke gyangyaɗi a bencin gaba: in ya farka lokacin waƙa, Guduma ya bar kujerar kiɗa.

Na ga ƙaton nan yana atisaye a kan murfin injin mota da yatsa biyu. Matarsa ta ce ko ƙofa ya daina bugawa, sai dai ya tsaya yana tari.

Lahadi ta uku Baba ya motsa, ashe ƙuda ne. Ta huɗu ya yi minshari tun daga baitin farko har Amin. Da aka tashi ya kama hannun Guduma ya ce, "Ɗana, ban ji komai ba. Allah ya yi maka albarka."

A hanyar gida abokina ya yi ta share ido da gefen riga. Ya ce tun da yake kiɗa, yau ne wani dattijo ya taɓa yaba masa. Ya riƙe kujerar shekara tara, har jikinsa ya ƙi.