Baba Mai Kunne da Cen ɗin Tsohon Keke

A jikin ƙofar shagon akwai wata ƙusa da ta ɗan sunkuya, ta yi sulɓi tana ƙyalli. Mai wucewa zai ɗauka ta rataya hula ce. Ba ta hula ba ce. Shekara arba'in da ɗaya ke nan ana rataya mata cen, wato sarƙar keke, kuma hannu ɗaya ne ke ratayawa.

Mai hannun kan buɗe shago tun rana ba ta yi zafi ba. Ya share ƙofa, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanoni daga ƙarami zuwa babba, ya zuba kananzir a gwangwani, sannan ya zauna a benci yana sauraron titi. Baba Mai Kunne ake ce masa. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya sha ganin ya tsayar da mai keke yana cikin tafiya, ya ce, "Ɗana, sauka, tayarka ta baya ta kusa rabuwa da kai." A duba, a tarar haka ne.

Wata safiya wata budurwa ta turo keke ta tsaya nesa da shagon, ta kasa ƙarasowa. Auta ce a gidansu, ta gama jami'a, amma magana da baƙo na yi mata nauyi. Keken na mahaifinta ne, tsohon ma'aikacin gidan waya: keken tsere mai siraran tayoyi da kai lanƙwasasshe kamar ƙahon rago, ya girmi babban yayanta. Bara ɓarin jikin mahaifin na hagu ya shanye, ya samu sauƙi, likita ya ce lallai ya riƙa motsa ƙafar kullum, in ba haka ba za ta sandare. Tsohon ya ce shi ba zai yi ta zagaya tsakar gida kamar kaza ba, a gyara masa kekensa. Auta ta shiga kanti ta zaɓo cen mafi tsada, yayanta ya ɗaura. Hawan farko cen ya maƙale, tsohon ya faɗi a ƙofar gida. Mahaifiyarsu ta rantse masu sayen tsohon ƙarfe na zuwa za ta miƙa musu keken. Shi kuwa ya shige ɗaki, kwana huɗu bai taka ko'ina ba.

"Ƙaraso mana, 'yata," in ji Baba. "Tun daga kwanar layi na ji kukansa."

Ya ɗaga bayan keken, ya juya feda da hannu, ya rufe ido.

"Wa ya sa masa wannan?"

"Ni na saya, Baba," ta ce a hankali. "Shi ne mafi kyau a kantin."

Tela ya leƙo da almakashi a hannu. "Kai! An sa wa dattijo takalmin amarya!"

"Koma ga ɗinkinka, mai gajarta wa mutane wando," in ji Baba, ko kallonsa bai yi ba. Ya ce da Auta, "Cen ɗinki ba shi da laifi. Na keken zamani ne mai giya goma sha ɗaya, shi ya sa ya yi siriri. Keken babanki giya biyar gare shi, haƙoransa masu kauri, tsakaninsu da faɗi. Siririn nan ya faɗa tsakani ya cije. Ina tsohon cen ɗin?"

Yana cikin leda, don mahaifinta ya hana a yar. Baba ya rataya shi a ƙusar nan. Ya jawo akwati ya fito da sababbi uku, ya ɗora kowanne a kan haƙoran giya yana lalubawa da babban yatsa. Na farko ya ajiye, na biyu ma haka. Na uku ya zauna daram. Ya rataya shi kusa da tsohon, ya fara ƙirga gaɓoɓi da yatsu, leɓɓansa na motsi. A nan ne Auta ta lura ba kallo yake yi ba. Idanun sun yi fari-fari. Da hannu yake gani.

Ƙirga ta zo daidai, amma tsohon ya ɗara sabon tsayi da faɗin yatsa.

"Kin gani? Ya miƙe don tsufa. Mai gaggawa tsayi yake bi ya yanka, sai ya ƙara gaɓar da ba a nema ba. Gaɓa ake ƙirgawa."

Ya ɗaura, ya sake bin haƙoran ɗaya bayan ɗaya. A kan ƙaramar giya ya tsaya. Haƙoranta sun cinye sun yi tsini, sabon cen zai zame a kansu da zarar an taka da ƙarfi.

"Wace ƙafar ce mai ciwon?"

"Ta hagu."

Ya ɗauki sukudireba ya murɗa wani ɗan ƙaramin noti sau biyu, ya toshe hanyar giyar gaba ɗaya. "Wannan ta samari ce, ya gama yayinta. Huɗu sun ishe shi."

Sai ya naɗe ƙafar wando ya hau, tela na ihu, "Jama'a ku kauce, makaho ya hau keke!" Ya je ƙarshen layi ya dawo, babu ƙara ko ɗaya. Ya ce shi zai kai keken da kansa.

A ƙofar gida mahaifiyar ta tare su. "Baba, in ya sake faɗuwa fa?"

"Maman yara, ni na fara hawa, kuma na girme shi. Zaman ɗakin ne zai kayar da shi, ba wannan ba."

Ta kauce. Tsohon ya fito yana jan ƙafa, ya taɓa cen ɗin, ya dubi Baba. Aka riƙe masa ya hau. Ya taka da dama, ta hagu ta biyo. Ya tafi.

Baba Mai Kunne, kai ne wanda ya tambayi ƙafar mai keke kafin ya ƙarasa gyaran keken. Kai ne ka gyara kuskuren mai digiri ba tare da ka sa ta sunkuyar da kai ba. Ƙarshen watan nan za ka rufe shago saboda ido, ba za a yi maka taro ba, ba za a ba ka lambar yabo ba. To mun gode, Baba. Allah ya saka maka, ya ƙara maka lafiya. Masu sana'a kuma su je su ga ƙusar nan kafin a cire ta, su koyi ƙirga kafin yanka.

Auta ma ta so ta faɗa masa haka ranar. Ta shiga gida ta ɗebo ruwa a kofi, tana haɗa kalmomin a ranta. Da ta fito, kowa na kallon gabas, inda mahaifinta ya juyo yana dariya kamar yaro. Ta waiga yamma. Can ta hango Baba yana tafiya a gefen katanga, sukudireba na leƙe daga aljihunsa, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe har yanzu.