Fuskar Fenti a Agogon Marigayi

Teburina na gyaran agogo yana kusa da tashar jirgin ƙasa. Wata Laraba wani mutumin Wushishi ya kawo mini agogon mahaifinsa da ya rasu. Na wanke injin, na sa mai, ya karɓa ya tafi. Ranar Asabar sai ga shi ya dawo da yayansa, wani Alhaji mai sayar da tayoyi, tare da shugaban masu sana'a na layinmu.

Alhajin ya ce na cire fuskar agogon na sa ta banza. Wai tun yana yaro ya san tambarin da ke kan fuskar na ƙarfe ne, yana ƙyalli idan an karkata shi, wannan kuwa fenti ne.

Gaskiya ya faɗa game da tambarin. Irin waɗannan agogunan na zamanin ma'aikatan reluwe, tambarinsu manna shi ake yi, sunan kamfani na ƙarƙashinsa da siraran haruffa. Daga baya aka koma buga shi da fenti, haruffan suka yi kauri. Jikin wannan tsoho ne, fuskar kuwa ta daga baya ce. Na lura da haka tun Laraba, na yi shiru don ba a tambaye ni ba.

Shugaba ya tuna mini dokar layi: wanda aka kama da musanya kayan mutane, ranar zai ɗauke teburinsa.

Na roƙa a bar ni in buɗe agogon a gabansu. A sana'armu, duk wanda ya yi wa agogo aiki yakan karce alamarsa cikin murfin baya da tsinin allura. Ban da tawa alamar, akwai wani tsohon rubutu da na gani ranar Laraba ban tsaya kansa ba, don watana huɗu kacal a ajin koyon karatu na manya. Na sa gilashi a ido, na fara haɗa haruffan ɗaya bayan ɗaya, ban san abin da za su ce ba. Gumi yana ta sauka cikin gilashin.

"Malam, in ba ka iya ba ka miƙa wa manya," in ji Alhaji.

Ban ɗago ba sai da na gama, sannan na karanta musu abin da aka rubuta: "Ruwa ya shiga. An canja fuska."

Alhaji ya ce ni na rubuta. Shugaba ya karɓi gilashin ya daɗe yana dubawa, sannan ya nuna masa: tawa alamar fara sol, wancan rubutun ya yi baƙi da tsufa.

Ƙanen ya yi ƙasa da murya ya ce, "Yaya, Baba ya taɓa faɗawa rafi da keke. Lokacin kana kudu."

Alhaji ya sa agogon a aljihu ba tare da murfin ba, sai da na bi shi da shi. Shugaba ya ce in zauna a wurina, amma daga yau abin da idona ya gani in faɗa wa mai kaya kafin ya juya baya.